Hurumin tsuntsaye da haƙƙin talaka

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, wanda ya ziyarci tafkin Madarunfa, kudu da Maraɗi, a lokacin ɗari, zai tarar da kirinjijiya da zalɓe da balbela a bakin ruwa, tare da baƙin tsuntsaye da suka ƙetaro hamada daga Turai. A shekarar 2019 aka shigar da tafkin cikin jerin wurare masu dausayi da yarjejeniyar Ramsar ta 1971 ke kiyayewa. Gandun dajin W kuwa an keɓe shi tun 1954.

Tambayar da ke gabanmu ita ce: shin ya halatta a hana mai buƙata saran itace ko shigar da bisashensa, domin tsuntsu ya samu wurin sheƙa?

Keɓe wuri yana da asali a shari'a. Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u, kusa da Madina, domin dawakin Musulmi. Suratul An'am, aya ta 38, ta sanar da mu cewa tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu. Al'ummar da ba ta iya kai ƙara gaban alƙali kuwa, amanarta tana wuyanmu. Giyayya da bagaruwa da ke tsaye a fadama su ke riƙe ƙasa. In an sare su yashi ya cike tafki, masunci ne zai fara kuka.

Amma mu dubi yadda Sayyidina Umar (RA) ya tafiyar da nasa hurumin, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Ya umarci mai tsaron wurin, Hunayyu, da ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai ƴan raƙuma da mai ƴan tumaki su shiga, ya tsare garken Ibn Auf da na Ibn Affan. Dalilinsa: in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino, talaka kuwa sai ya zo da ƴaƴansa ƙofar halifa.

A ganinmu nan ne sau da yawa ake kifar da ma'auni. A ci tarar tsohuwa mai ɗaurin ƙirare, a kau da kai daga motar itace da ta fita da dare. Tsohuwar, ko ta shekara tana tsinta, ba ta kai lodi ɗaya na motar nan ba.

Hani ya halatta in maslahar ta kowa ce, in kuma an fara shi daga mai ƙarfi. Mazauna gefen tafkin, masunta da makiyaya da matan da ke neman makamashi, ya wajaba a zauna da su kafin a shata iyaka.