Ashe Shaiɗan Ya San Ranar Kasuwa?

Shekara ashirin da shida na yi ina zaune a gefen alƙali da biro a hannu, ina rubuta abin da mai ƙara da wanda ake ƙara suka faɗa, daga kotunan yankinmu na Tambuwal har zuwa wajen Kebbe. Da za a tambaye ni maganar da hannuna ya fi gajiya da rubutawa, ba sai na yi dogon tunani ba: "Allah gafarta Malam, sharrin Shaiɗan ne." Ɓarawon akuya ya faɗe ta, wanda ya ci gonar marayu ya faɗe ta, wanda ya fasa wa ɗan'uwansa kai a kan iyakar fadama ma ita ya kama.

Akwai wani mutum daga wani ƙauye na ƙasar Kebbe da maƙwabcinsa ya bar wa amanar shanun huɗa guda biyu, ya tafi ci-rani. Kafin damina ta faɗi, ɗaya ya ɓace. Da bincike ya yi bincike, sai aka gano shi ya kora san da dare har kasuwar Jega, ya sayar. Da ya kawo maganar tasa ta Shaiɗan, alƙalin, wani dattijo mai sanyin murya, ya ajiye tabarau ya ce: "Shi ne ya zaɓa maka wanda ya fi ƙiba a cikin biyun? Shi ne ya ce ka bar kasuwar kusa inda aka san ka, ka tafi inda ba a san ka ba? Ashe Shaiɗan ya san ranar kasuwa." Kotu ta yi dariya, ni ma na yi. Sai bayan na ajiye aiki na gane tambaya ce ta gaske, kuma abin da ya tuna mini da ita wani fim ne na Amurka.

Ɗan ƙanwata ne ya zo hutu daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo da shi a kwamfutarsa. Sunansa Penny Dreadful: City of Angels, kashi goma, ya fito a 2020, wani marubuci John Logan ya tsara shi. Muka kalla bayan sallar isha, yana fassara mini inda Turancin ya yi gudu, yana kuma tsallake wuraren da bai kamata ɗa da kawunsa su kalla tare ba, kuma suna da yawa. Labarin yana faruwa a birnin Los Angeles a 1938. An tsinci gawa huɗu na iyali ɗaya a busasshen kwarin kogi, aka ba 'yan sandan ciki biyu binciken: Tiago Vega, matashi ɗan asalin Mekziko wanda 'yan unguwarsu ke yi wa kallon ya sayar da su, da Lewis Michener, tsohon hannu, Bayahude, mai ido a kan 'yan Nazi da ke kutsowa birnin. A bayan duk wannan akwai wata aljana, Magda, wadda ta yi imanin cewa ɗan Adam mugu ne, abin da yake jira kawai a ce masa ya halatta.

Abin da ya riƙe ni shi ne yadda take sauya kama. Ga ɗan majalisar birni, Townsend, mai ƙishirwar mulki, ta zo a matsayin ma'aikaciyar ofishinsa, marar kwalliya, mai gaya masa kullum cewa ya fi ƙarfin kujerar da yake kai. Ga likitan yara ɗan asalin Jamus, Peter Craft, wanda aurensa ya yi tsami, ta zo a matsayin baiwar Allah mai ɗa marar lafiya, mai neman wanda zai tausaya mata. Ga Mateo, ƙanen Tiago, wanda zuciyarsa ke tafasa saboda cin mutuncin da wani ɗan sanda ya yi wa 'yar'uwarsu, ta zo a matsayin shugabar matasan unguwa, ta ba shi dangi da wuƙa. 'Yar wasa ɗaya ce, Natalie Dormer, ta fito a duka ukun. Na ce wa yaron ya tsayar da fim ɗin. Na ce: "Ka lura telan nan ba ta zo da yadinta ba? Kowa da nasa yadin take ɗinka masa riga." Da ta je wa likitan da maganar mulki, da bai saurare ta ba. Da ta je wa Townsend da hawaye, da ya sa an fitar da ita.

Ya ce: "To Kawu, ai duk da haka ita ce da laifi. Da ba ta zo ba, da suna nan lafiya."

Wannan ita ce hujjar mutumin Kebbe, an dai sa mata kwat. Kuma fim ɗin da kansa ya rushe ta a ƙarshe, domin kisan da aka buɗe labarin da shi ba aljanar ce ta kitsa ba. Wata uwa ce, mahaifiyar wata mai wa'azin Kirista a rediyo, ta sa aka yi, don kare sunan 'yarta da dukiyar da wa'azin ke kawowa. Mutum ce mai cikakken hankali, mai lissafi, irin mai sanin ranar kasuwa.

Mu a nan ba baƙi ba ne ga labarin iskoki masu hali daban-daban. Garinmu Tambuwal a da ribaɗi ne na Muhammadu Buhari ɗan Shehu, kuma jajis, wato malamai mata na Nana Asma'u, sun yi ta zaga ƙauyukan ƙasar Sakkwato suna jawo mata zuwa karatu, amma har yau tsofaffi sun san sunayen mutanen Jangare, garin iskokin bori: Ɗan Galadima ɗan sarki mai caca da ɓarnar dukiya, Malam Alhaji mai tari da tasbaha, Kuturu mai naɗaɗɗun yatsu. Sai dai 'yan bori cewa suke iska hawa take yi, wanda aka hau kuwa doki ne ko goɗiya, in ta sauka ba ya tuna abin da ya yi. Wannan da'awa ce ta gushewar hankali, kuma shari'a ta san gushewar hankali, ko mene ne sanadinsa. Hadisi ya tabbatar da cewa an ɗauke alƙalami daga mahaukaci da mai barci da yaro. Na taɓa ganin an kawo wata mata da ta cinna wa rumbun mijinta wuta da rana tsaka, tana dariya, ba ta gudu ba, ba ta ɓoye ashana ba. Danginta suka ce aljanu ne. Alƙali bai tsaya gardamar aljanu ba, ya ce a kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Ita ba ta ce sharrin Shaiɗan ne ba. Ban taɓa jin wanda hankalinsa ya gushe da gaske ya kawo wannan uzurin ba. Masu kawo shi su ne waɗanda suka jira wata ya faɗi.

Waswasi daban, hawa daban. A Suratu Ibrahim, aya ta 22, an ba mu labarin yadda Shaiɗan zai tsame hannunsa ranar hisabi, yana mai cewa ba shi da wani iko a kan mutane in ban da kira, su ne suka amsa, don haka su zargi kansu. A nan ne na rabu da fim ɗin. Ya yi wa Magda 'yar'uwa, Santa Muerte, wadda mahaifiyar su Tiago ke roƙo, ya sa su kamar kishiyoyi biyu suna jan mutane, ta mugunta mai himma, ɗayar kuwa ta naɗe hannu tana jiran gawa. Mu ba mu ba Iblis wannan matsayin ba. Maroƙi ne a ƙofar gida, ba shi da mabuɗi.

Amma kada in yi wa maganar rashin adalci, domin annabawa ma sun ambaci Shaiɗan a kan laifi. Annabi Musa, da ya naushi wani mutum ya mutu, a Suratul Ƙasas, ya danganta abin ga aikin Shaiɗan. Sai dai bai tsaya nan ba: a aya ta gaba ya ce shi ya zalunci kansa, ya nemi gafara. Wanda kuwa ya fi ba ni mamaki shi ne Annabi Yusuf. 'Yan'uwansa, da asiri ya tonu, cewa suka yi su masu laifi ne. Shi da aka jefa a rijiya, shi ne ya ce Shaiɗan ya shiga tsakaninsa da su. Wato maganar sutura ce da wanda aka zalunta yake yafa wa wanda ya zalunce shi, don ya samu fuskar zama cikin dangi. Mu kuwa mun juya abin, ɓarawo ke fizge suturar ya yafa wa kansa.

Ga yadda aka ƙare da mutumin Kebbe. Bayan alƙali ya matsa, mutumin ya sunkuyar da kai ya ce bashi ne ya yi masa katutu, ya daɗe yana kallon san, shi ya yi. Sai mai san ya miƙe ya ce: "Allah gafarta Malam, maƙwabcina na, tare munka tashi. Sharrin Shaiɗan na." Aka rubuta sulhu, ya biya kuɗin sa a kashi uku bayan kaka.

Yanzu da ƙauyukan da ke iyaka da Zamfara suke kwana da ido ɗaya, hira ta koma kan layu da guraye na 'yan bindiga, wai harsashi ba ya kama wane, wai wane ɓacewa yake yi. Ba a cika son tsayawa a kan wanda ya nuna musu gidan da aka sayar da hatsi jiya ba, alhali shi ɗan gari ne, da shi ake sahu a masallaci.

Don haka ina da roƙo ga masu shirya fim na Kano da Sakkwato. In za ku yi mana labarin kisa da bincike na zamanin da, ko na zamanin ribaɗi ko na zamanin En'e, ku sa aljanu in kuna so, ba mu hana ba. Amma ku bar wuƙar a hannun mutum, ku nuna mana abin da yake so tun kafin a yi masa raɗa, ku kuma nuna mana ranar da ya zaɓa.