Sabo, Gafala da Darajar Abu a Zuciya

Sabo, a wurin masana aikin jiki, shi ne raguwar martanin da jiki yake mayarwa ga sauti ko haske ko taɓi idan ya yi ta maimaituwa bai jawo amfani ko cuta ba. Masanin nan ɗan ƙasar Rasha, Sokolov, ya nuna cewa baƙon sauti yakan sauya gudanar jini da motsin ƙwaƙwalwa, sannan wannan martani ya dushe bayan maimaici, amma ya dawo da zarar an sauya sautin, ko da rage ƙarfinsa aka yi. Da gajiyar kunne ce sanadi, da rarraunan sauti bai farfaɗo da martanin ba, don haka ƙwaƙwalwa ce take yanke hukunci cewa abin bai cancanci kulawa ba.

Sai dai ba a kan kowane abu wannan hukunci yake hawa ba. A shekarar 1959 Neville Moray ya sanya wa mutane magana biyu mabambanta, ɗaya a kowane kunne, ya umarce su da bin guda kawai, suka kasa tuna abin da aka faɗa a ɗaya kunnen, amma kimanin kashi ɗaya cikin uku suka ji sunansu da aka ambata a can. Suna yana cikin kalmomin da mutum ya fi ji a rayuwarsa, amma maimaici bai kashe shi ba, domin darajarsa ba ta ragu ba. Haka uwa take barci cikin ƙarar janareta, kukan jaririnta kuwa ya tashe ta nan take.

Daga nan tambaya take tasowa: shin ana kama mutum da laifin gafala, wato rabkanar zuciya daga abin da ya wajaba ta lura da shi, alhali sabo ɗabi'ar jiki ne? Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya bayyana a littafinsa Ihya'u Ulumiddin cewa halartar zuciya a salla tana bin himma ne, ita kuwa himma tana karkata ga abin da mutum ya gaskata yana da muhimmanci. Hausawa sun ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe, amma binciken da aka ambata ya nuna cewa ba yawan gani kaɗai yake haifar da raini ba, sai an haɗa da zubewar daraja. Saboda haka alhakin mutum yana kan abin da ya zaɓa ya girmama, kuma wanda zuciyarsa ta daina halartar ibada ko kula da iyali ya fi buƙatar sabunta saninsa game da ƙimarsu a kan tilasta wa hankalinsa tsayuwa.