Tsaya Wa Wanda Aka Zalunta Aikin Lada Ne

Tun kafin annabci, Al-As ɗan Wa'il ya karɓi hajar wani baƙo a Makka, ya hana shi kuɗinsa. Sai dattawan Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an, suka rantse za su tsaya wa duk wanda aka zalunta. Wannan alkawari shi ne Hilful Fuduli, wanda Annabi (S.A.W.) ya halarta, kuma ya yaba.

Irin wannan amana aka ɗora wa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1995: karɓar kuka, bincike, da duba gidajen kurkuku. To, wanda ya ga an tsare maƙwabcinsa ba bisa shari'a ba, ya kai ƙara can, domin ɓoye shaida zunubi ne.

Allah Ya tsare mu da zalunci, amin.