Murfin da ba a so a yawaita buɗewa

A Amurka da Kanada, da zarar lokacin zafi ya shigo, iyalai kan loda mota su nufi daji ko bakin tafki, su kafa tanti su kwana biyu ko uku don hutawa. Cikin kayan da ba a mantawa da su akwai ɗan murhun gawayi na tafi-da-gidanka, mai ƙafafu da murfi. Samfurin da ya fi shahara a 1952 aka ƙirƙiro shi, lokacin da George Stephen, ma'aikaci a masana'antar ƙarfe ta Weber Brothers da ke Chicago, ya raba wata ƙwallon ƙarfe biyu, irin wadda ake sakawa a ruwa don nuna wa jirage hanya. Rabi ya zama mazaunin garwashi, rabi ya zama murfi. Shi kuwa dunƙulallen gawayin da ake zuba masa, Henry Ford mai motoci ne ya yaɗa shi tun shekarun 1920, da ragowar katakon masana'antarsa. Ford ɗin ma mayen kwanan daji ne, shi da abokansa Thomas Edison da Harvey Firestone.

Aiki biyu ake yi da murhun nan, kuma ba ɗaya ba ne. Akwai gashi: nama a saman garwashi kai tsaye, wuta na ci, cikin 'yan mintoci an gama. Akwai kuma banda, inda ake tura garwashin gefe guda, a ajiye naman a ɗaya gefen, a jefa 'yan guntayen itace don hayaƙi, a rufe. Zafin da ake nema bai wuce digiri 107 zuwa 121 a ma'aunin Salshiyos ba. Ƙirjin saniya na iya cin awa goma ko sha biyu a haka. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tukuba ya ga yadda mai tsire ke kafa tsinkayensa a kewayen wuta, ba a kanta ba, ya san dabarar. Mu ma muna banda, sai dai bandar kifin Baga don kada ya lalace ake yin ta, tasu kuwa don nama mai tauri ya yi laushi.

Abin da ya ja hankalina a nan shi ne, ba gawayi ke mulkin wutar ba. Iska ce. A ƙasan murhun akwai 'yan ramuka masu marfi da ake juyawa, a saman murfin ma akwai. Na ƙasa ke shigar da iska, na sama ke fitar da hayaƙi. Yawan gawayi tsawon ran wutar yake ƙarawa, amma zafinta yana hannun waɗannan ramuka da ba su fi shigar yatsa ba. Gwani kan ɗan taɓa marfin, ya koma kujerarsa, ya jira kwata na awa ya ga abin da taɓin ya haifar kafin ya sake kai hannu. A sansani kuwa, inda babu katangar da za ta tare iska, sai ya juya murhun ya ba ta baya.

Ko hayaƙin ma magana yake yi. Fari mai kauri alama ce itacen bai kama sosai ba, kuma ɗaci zai bar wa nama. Wanda ake so siriri ne, mai ɗan shuɗi-shuɗi, da ƙyar ido ke ganinsa. Sabon shiga kan ga hayaƙi ya turnuƙe ya ce aiki na tafiya, alhali ɓarna ce ke tafiya.

Babbar jarrabawa tana zuwa ne a tsakiyar aiki. Zafin cikin naman kan yi ta hawa lafiya lau, sai ya kai wajen digiri 65 zuwa 70 ya tsaya cak. Awa ɗaya, awa biyu, wani lokaci fiye, ma'aunin zafi bai motsa ba. Dalilin ba wani abin mamaki ba ne: naman gumi yake yi, ruwan da ke fita daga jikinsa yana sanyaya shi daidai gwargwadon yadda wuta ke ɗumama shi. A cikin wannan tsayuwar jijiyoyi suna nan suna narkewa a hankali, kuma narkewar tasu ce ke sa ƙirjin da wuƙa ke shan wahala a kansa ya koma abin da yatsa ke tsagawa idan ya kai wajen digiri 95.

To a nan ne mai gajen haƙuri ke tashi. Yara sun fara cewa yunwa, rana ta karkata, uwargida ta tambaya sau biyu. Sai ya ɗaga murfi ya leƙa. Zafin da aka tara ya gudu, iska ta afka wa garwashi, yana rufewa wuta ta haura fiye da kima. Ya ga ta haura ya toshe ramuka, ta nemi mutuwa, ya ƙara gawayi. Kafin magariba ya zama shi ne matsalar murhun. Bayan naman ya ƙone, cikinsa na nan da tauri, shi kuma ya fi kowa gajiya a sansanin, yana ganin ai ya yi iya ƙoƙarinsa.

Na sha ganin irin wannan leƙen a wajen da babu ko ƙwayar gawayi. Maigida ya damƙa wa yaronsa shago, amma kullum sau uku sai ya zo ya ƙirga ciniki, ya sauya farashi, ya tsawata a gaban masu saye. Wata biyu ciniki bai ƙaru ba, sai ya ƙara matsa lamba, bai san lokacin nan ne yaron ke koyon fuskokin mutane da wanda ake ba bashi da wanda ba a ba ba. A ganina yawancin masu irin wannan hali ba mugunta ke sa su ba. Zama ne ba su iya ba. Idan hannunsu bai taɓa abu ba, gani suke kamar ba su yi komai ba.

Sai dai kada a ɗauka naɗe hannu nake yabo. Mukan ce mai haƙuri yakan dafa dutse, amma wanda ya rufe murfi ya tafi kamun kifi bai duba wutarsa ba, ɗanyen nama zai tarar, mai haɗari ma, domin ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 5 da 60. Kaza kuwa sai cikinta ya kai 74 ake amincewa da ita. Gwanin da ka gani a kishingiɗe ya gama wahalarsa tun da safe, wajen jera gawayi da zaɓen itace, ya kauce wa itatuwa masu ƙaro da ke cika dazukan can. Idonsa na kan ma'auni da launin hayaƙi. In lokaci ya ƙure masa, yana da dabara guda: ya buɗe sau ɗaya, ya naɗe naman a takardar alminiyam don gumin ya daina fita, ya rufe. Ya san abin da zai yi kafin ya ɗaga murfin.

Bayan an ci an ƙoshi ma iskar ce ke da sauran magana. Garwashin da ya lafa yana ci gaba da fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma a Birtaniya an rasa rayuka saboda masu kwanan daji sun shigar da murhu cikin tanti don jin ɗumi da dare. A waje ake barinsa, nesa da busasshiyar ciyawa, a toshe ramukan sama da na ƙasa gaba ɗaya. Wutar za ta mutu da kanta, gawayin da bai cinye ba kuma a tafasa ruwan shayi da shi da safe.