Nasiha ga ƴan biro: rubuta kuɗin Allah ba tuhuma ba ce

  

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, tun bayan babban taron ƙasa na 1991 ƙungiyoyin Musulunci suka yawaita a Nijar, alhali kafin nan wadda aka kafa a 1974 ce kowa ya sani. Kowace ƙungiya ta buɗe rassa, kowane reshe ya naɗa biro: shugaba, magatakarda, ma'aji da mashawarta. To, mu tambayi kanmu tsakani da Allah, nawa ne daga cikinsu ke zama a yau? Na san reshen da malamin Islamiyyarsa ya yi watanni bai ga albashi ba, an yanke wutar masallaci, ƴan biro kuwa ba su haɗuwa sai wurin jana'iza.

Wasu za su ce talauci ne. Ni abin da na gani kunya ce. Ma'aji dattijo ne, ko kuwa shi ya ba da filin masallaci. Kuɗin Jumma'a suna aljihu ɗaya da kuɗin kasuwarsa, ba don yana da niyyar cin amana ba, sai don ba wanda ya taɓa miƙa masa kaye da alƙalami. A wurin taro kowa ya yi shiru, da dare a fada, ana shan shayi, sai a ci namansa. Mai ba da jika biyar ya ji, ya koma ba da dala ashirin. Daga nan zuwan taro ya fara nauyi.

Ya bayin Allah, wannan kunya ba ta addini ba ce. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, umurni ce da a rubuta bashi, a kafa shaidu, kuma muminai Allah ya umurta da haka. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya aiki Ibnul Lutbiyya karɓar zakka. Da ya dawo ya ware wani abu, ya ce kyauta aka yi masa. Annabi ya hau mumbari ya tsawata, ya nuna cewa da ya zauna gidan iyayensa da ya ga ko kyautar za ta iske shi. Sahabi ke nan aka yi wa lissafi. Wane ne ni, wane ne kai?

Saboda haka mutum uku su ƙirga abin da aka tara kafin a fita masallaci, su sa hannu a kaye. Kada tamma ɗaya ta fita sai da rasi. Kowane ƙarshen wata magatakarda ya tashi bayan sallar Jumma'a ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita. Ma'ajin kirki shi zai fi kowa murna, domin an wanke shi daga bakin mutane.

Sai maganar waɗanda aka naɗa don girma ko dukiya, ba su zuwa. Abu Zarri (R.A.) ya nemi a ba shi muƙami, Annabi ya hana shi don ya ga rauninsa ga aikin, ya gaya masa amana ce, kuma wannan bai rage masa daraja ba. A tura dattawa biyu gidan irin wannan ɗan'uwa, a gode masa, a roƙe shi ya koma cikin masu ba da shawara, a sa saurayin da ya iya lissafi a gurbinsa.

Kuma a yanke rana. Sayyidina Umaru (R.A.), da ya bar al'amarin halifanci a hannun mutum shida a shekara ta 23 bayan Hijira, kwana uku ya ɗibar musu. Kowane reshe ya kira ƴan bironsa kafin Jumma'a mai zuwa, ma'aji ya zo da abin da ke hannunsa, a fara rubutu daga ranar.