Ƙaryar da Take 'Ya'ya: Cajin Madubi da Iyakar Ƙaddarawa

Hausawa na cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Amma a ilimin lantarki akwai wata dabara da aka gina kan abin da kowa ya san babu shi, kuma ga ta tana 'ya'ya tun wajen 1848, lokacin da William Thomson, malami a Jami'ar Glasgow wanda daga baya aka fi sani da Lord Kelvin, ya shimfiɗa ta. Idan aka ajiye ƙwayar caji a gaban faffaɗan farantin ƙarfe da aka haɗa da ƙasa, cajin da ke jikin ƙarfen yakan taru ya bazu a fuskarsa, kuma lissafin wannan bazuwa kai tsaye aiki ne ja. Sai Thomson ya ce a ɗauke farantin daga lissafi, a ƙaddara wani caji kishiyar na farko a bayansa, daidai inda surar mutum take bayyana a madubi. Da waɗannan ƙwayoyi biyu kaɗai ake samun filin lantarkin da ke gaban farantin, da ƙarfin da ke jan cajin, ba ragi ba ƙari. To yaya abin da babu shi zai haifi sani na gaskiya? Ra'ayina shi ne ƙaddarawa ba ƙarya ba ce muddin ta san iyakarta, kuma faranti biyu da suka haɗu a kusurwa su ne suka fi nuna inda iyakar take.

A kusurwa mai digiri 90, madubi ɗaya yana haska surar ɗaya, don haka ana buƙatar cajin ƙaddarawa uku: biyu kishiyoyin na ainihi, ɗaya irinsa. A digiri 60 biyar ake buƙata, a digiri 45 bakwai. Ƙa'idar ita ce idan kusurwar ta raba 180 gida kaza ba saura, a ninka adadin gidajen sau biyu a cire ɗaya. Duk wanda ya taɓa tsayawa tsakanin madubai biyu ya ga irin wannan zobe na surori. Abin lura shi ne idan aka haɗa cajin surorin duka, jimillarsu takan zo daidai da cajin da ya taru a fuskar ƙarfen da gaske. Dalilin dacewar kuwa hujja ce ta lissafi ba sa'a ba: an tabbatar cewa idan aka san cajin da ke cikin wani yanki da kuma boltejin da ke kan iyakokinsa, amsa ɗaya tak ce za ta yiwu. Saboda haka ko ta wace hanya aka bi aka samo amsar da ta cika waɗannan sharuɗɗa, ita ce amsar. Surorin ba sa ba da shaida a kan kansu, aikinsu kawai su sa boltejin ya zama sifiri a kan farantan.

Yanzu a buɗe kusurwar zuwa digiri 70, ko ma 120. Surori za su ci gaba da haifar surori suna zagayawa, har wata ta faɗo cikin filin da ke tsakanin farantan, inda ake iya kai na'urar awo a ga babu komai. Nan take dabarar ta rushe, domin ta sa caji a wurin da tambayar ta ce babu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ga ƙurewarsa a fili. Lantarki dai bai fasa aikinsa a digiri 70 ba, filin yana nan, ana lissafa shi ta wasu hanyoyi masu tsawo. A 1897 Arnold Sommerfeld ya nuna ana iya ceto dabarar ta hanyar ƙaddara sarari mai shimfiɗu da yawa, bisa tunanin masanin lissafi Riemann, a tura surorin da suka yi kutse zuwa wata shimfiɗar. Ko wannan ceto biyayya ce ga sharaɗin farko: abin da aka ƙaddara ya tsaya waje da yankin da ake ba da labarinsa.

Mai suka zai ce idan abin da babu shi yana ba da amsa daidai, me zai hana a ce elektiron da sauran abubuwan da ido bai gani ba duk ƙaddarawa ce mai amfani? Hans Vaihinger ya karkata ga irin wannan ra'ayi a littafinsa na 1911 kan falsafar "kamar a ce". Sai dai cajin madubi hujja ce a kansa. Mun san ƙaddarawa ce saboda ana iya kama ta: a zagaya bayan farantin a auna, filin sifiri ne, alhali da surar tana can da gaske da an ji ta. Elektiron kuwa ta kowace fuska aka zo masa ana tarar da shi, da caji ɗaya da nauyi ɗaya. Da komai ƙaddarawa ce, da ba za a iya wannan bambancewa ba.

Wani mai sukar ya fi tsauri. Ibn al-Haytham, ɗan Basra da ya rayu a Alƙahira a ƙarni na 11, ya rubuta shakkokinsa a kan masanin taurari Batlamiyus, yana zarginsa da bayyana tafiyar taurari da da'irori da layukan da ba za su yiwu ga jiki na gaske ba. A wurinsa dacewar lissafi ba ta wanke tsarin da ba shi da samuwa. Yana da gaskiya, amma sukarsa ba ta cin Thomson. Da'irorin Batlamiyus a sama aka ɗora su, a ainihin wurin da ake neman sani, har aka ɗauke su siffar halitta. Thomson ya ajiye surorinsa a bayan ƙarfe, ya faɗa da bakinsa cewa surori ne, ya kuma riƙe hujjar da ke lamunce masa amsar. Maƙaryaci yana ɓoye iyakar maganarsa, mai ƙaddarawa kuwa da iyakar yake farawa, kuma shi da kansa zai gaya maka cewa a digiri 70 sai dai ka nemi wata hanya.