Sha-kauci da Sanyin Hunturu

Bismillahir Rahmanir Rahim. 'Yan'uwa Musulmi, hunturu ya kankama. Sahun Asuba ya ragu, kasuwa ma sai rana ta ɗaga ake buɗe rumfuna.

Ku lura da ɗan tsuntsun nan sha-kauci, mai siririn baki, da ke bin furanni yana tsotsa. Wani irinsa a cikin rani yake saƙa sheƙa, lokacin da ciyawa ta bushe, ƙura ta rufe sama. Da me yake ɗaure ta? Da yanar gizo-gizo. Gidan da Suratul Ankabut ta ba da misalin rauni da shi, shi ne igiyar da ke riƙe ƙwansa a reshe. Subhanallah!

A yammacin Amurka akwai wani mai kama da shi, nauyinsa bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, macen takan fara sheƙa tun Disamba ko Janairu. Idan dare ya yi sanyi sai ya rage zafin jikinsa, bugun zuciya ya yi ƙasa, kamar matacce, don kada abin da ya ci da rana ya ƙare. Gari na wayewa ya farfaɗo ya fita nema.

Tirmizi ya ruwaito daga Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, cewa Annabi (SAW) ya kwatanta mai tawakkali na gaskiya da tsuntsu: ya fita da yunwa, ya dawo a ƙoshe. Malamai sun ce a kula, fita ya yi. Wanda ya ja bargo har hantsi yana cewa kasuwa ta mutu, ni dai ban ga tawakkali a nan ba.

To amma tsuntsu an halicce shi da gashi. Yaron da ya zo ci-rani yana tura baro a Wuse ko Dei-Dei, yana kwana a bakin shago kan kwali, shi fa? Wasu har gawayi suke hurawa su rufe ɗaki, hayaƙin nan kuwa yana kisa cikin barci. Ku gaya wa yaranku na shago.

Bayan sallar Juma'a ladan zai tsaya a ƙofar gabas. Mai bargo, rigar sanyi ko safa, ko da tsofaffi ne, a wanke a kawo. Iyaye mata su aiko da na yara. Ranar Lahadi bayan La'asar za a raba, in sha Allahu.